Yadda ake kula da raɗaɗi da kumburi bayan an yi wa mutum aiki

Wanda aka yi wa tiyata a babban asibitin jahar Tahoua, ko a Galmi, ko a Madawa da Ƙonni, ba ya daɗewa a kan gadon asibiti. Ko aikin ƙaba ne, ko na hanji, ko na fidda jariri, da zarar likita ya ga ya tashi yana tafiya, yana ci yana sha, sai a sallame shi, sauran jinyar kuma a gida ake yin ta, sau da yawa a garin da zuwa wurin likita daga cikinsa tafiya ce ta yini. Saboda haka nauyin lura da wurin ɗinki yana komawa kan uwa, ko miji, ko ƴar'uwa, mutanen da za su ga wurin ya yi ja ya kumbura, su ji majiyyaci yana nishi, su yanke shawara ko a yi haƙuri ko a nemi mota. Wani babban binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, wanda aka wallafa a shekarar 2018, ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka rasu sakamakon tiyata ba a ɗakin aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, kuma shigar ƙwayoyin cuta ita ce matsalar da ta fi yawa.

Abin da mai jinya ya fi buƙatar ganewa shi ne, kumburin da ke biyo bayan aiki ba cuta ba ce da za a yaƙa har sai ta ɓace. Aiki ne da garkuwar jiki ke yi, yana da lokacin farawa, da lokacin tsananta, da lokacin janyewa. Wanda ya san wannan tsari zai iya rage wa majiyyaci wahala ba tare da ya hana raunin warkewa ba, kuma zai gane ranar da al'amari ya kauce daga hanya.

Abin da ke gudana a ƙarƙashin ɗinki

Jiki bai san bambanci tsakanin wuƙar likita da ta wani ba. Da an yanka fata, jini yakan daskare ya toshe wurin, sannan wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune cikin fata su saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke buɗe ƙananan hanyoyin jini ya sa ruwa ya riƙa tsattsafowa daga cikinsu. Daga nan ne ja da ɗumi da kumburi suke samo asali. A cikin ƴan awoyi fararen ƙwayoyin jini da ake kira nitrofil, waɗanda su ne fiye da rabin dukan fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, sukan kwararo zuwa raunin su haɗiye ƙwayoyin cuta su kashe su. Sun fi yawa a wurin a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, kuma ba su da tsawon rai. Wajen kwana na biyu zuwa na uku wasu manyan ƙwayoyi masu suna makrofaj sukan karɓi aikin. Wani masani ɗan Rasha, Eli Mecnikof, wanda ya yi aiki a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, shi ne ya fara bayyana yadda irin waɗannan ƙwayoyi ke cinye abin da ya shigo jiki, a shekarar 1882, kuma ya samu kyautar Nobel a 1908.

Makrofaj ne ke riƙe da sirrin warkewa, domin fuska biyu gare su. Da farko suna ƙara rura kumburin, suna sakin sinadaran kira da ake ce wa sitokin, waɗanda ke tara wasu ƙwayoyin a wurin, su kuma bi jini su kai ƙwaƙwalwa su haddasa zazzaɓi da kasala da rashin son abinci. Amma idan suka fara cinye nitrofil ɗin da suka mutu, wannan cin da kansa ne ke juya su, su daina rura wuta su koma kiran ƙwayoyin da ke saƙa sabuwar tsoka da sababbin hanyoyin jini. Kamar aikin gayya ne a kan katangar da ruwa ya kayar: sai masu kwashe ɓaraguzai sun gama sannan magina su samu wurin ɗora tubali, kuma wanda ya kori na farko da wuri ya jinkirta na biyu.

Raɗaɗin ma daga wannan aiki yake fitowa. A bakin raunin akwai ƙarshen jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, kuma sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke saki, musamman wanda ake kira furostagilandin, suna sa waɗannan jijiyoyi su zama masu saurin amsawa, ta yadda taɓawar riga ko tari kaɗan zai yi zafin da bai kamata ya yi ba. Wannan yana da amfaninsa, tunda yana hana mutum wasa da wurin da bai haɗe ba. Abin mamaki kuma shi ne, waɗannan fararen ƙwayoyin suna ɗauke da nasu maganin, domin suna iya sakin endofin, sinadarin da ke kwantar da jijiya kamar yadda mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ke yi. Idan saƙon zafi mai tsanani ya yi ta shiga laka ba ƙaƙƙautawa, ƙwayoyin garkuwar da ke cikin lakar, masu suna mikrogiliya, sukan farka su ƙara wa saƙon ƙarfi, kuma ana ganin wannan yana cikin dalilan da ke sa raɗaɗin wasu ya zarce bayan raunin ya daɗe da warkewa. Wannan ne ya sa jure zafi mai tsanani ba jarumtaka ba ce da za a yaba wa majiyyaci a kanta, duk da cewa mu mutane ne masu girmama dauriya.

Abin da za a faɗa wa likita kafin ranar aiki

Idan aikin ba na gaggawa ba ne, shirin yana farawa tun kafin a kwanta. Mai ciwon suga ya tabbata an daidaita sugan jininsa, domin idan ya yi yawa nitrofil sukan yi sanyin jiki, ba sa isa raunin da wuri, ba sa kisa yadda ya kamata. Mai shan sigari ko shisha ya daina, saboda waɗannan ƙwayoyi da iskar oksijin suke kashe cuta, taba kuwa tana tsuke hanyoyin jini ta rage iskar da ke isa fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa barin taba mako huɗu ko fiye kafin tiyata yana rage matsalolin da ke biyo baya.

Akwai abubuwa biyu da kunya ke sa a ɓoye, alhali su ne likitan da ke sa barci ya fi buƙatar ji. Na farko shi ne deksametazon da danginsa, waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba, wasu kuma don ciwon gaɓoɓi, har ma ana samunsu cikin wasu mayukan sauya launin fata. Shan su na dogon lokaci yana danne garkuwar jiki, yana hana rauni haɗewa, kuma dainawa farat ɗaya tana da nata haɗarin, don haka sai a faɗa a bar likita ya tsara. Na biyu shi ne taramol. Wanda ya saba da shi, maganin rage zafin da ke isar wasu ba zai ishe shi ba, kuma idan ba a sani ba za a ɗauka raki yake yi. A kuma ambaci duk wani sassaƙe ko jiƙo da ake sha, da asfirin, da tarihin gyambon ciki, ciwon ƙoda, ciwon hanta ko asma.

Bayar da magani a kwanakin farko

A kwana biyu zuwa uku na farko ne kumburi ke kai ƙarshen ƙarfinsa, saboda haka kada a firgita idan majiyyaci ya ce safiyar kwana na biyu ta fi ta farko zafi, musamman ga wanda allurar kashe ji da aka yi masa a baya ta gama sakinsa. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci a wannan lokaci ita ce a ba da magani a kan sa'a, kamar yadda aka rubuta a takarda, ba sai an jira zafi ya kai mutum ga kuka ba. Hana zafi hawa ya fi sauƙi a kan sauko da shi, kuma maganin da ake buƙata bai kai yawan wanda za a sha idan an makara ba.

Farasitamol shi ne tushe. Yana aiki ne galibi a ƙwaƙwalwa da laka, ba ya taɓa aikin da ƙwayoyin garkuwa ke yi a bakin rauni sosai. Ga babban mutum mai nauyin kilo 50 ko fiye, giram 1 ake sha duk awa 6, kuma ba a wuce giram 4 a yini. Wanda bai kai wannan nauyi ba, ko mai ciwon hanta, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, likita zai rage masa. A duba kwalin kowane magani da ke gidan, domin magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, kuma ta haka ne mutum ke ninka adadin bai sani ba har ya taɓa hantarsa.

Ibufurofen da dikulofenak kuwa wani gida ne daban, su ne ke shiga kai tsaye cikin aikin kumburi. Suna toshe hanyar da jiki ke bi ya ƙera furostagilandin, abin da masanin Ingila John Vane ya gano game da asfirin a 1971, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982. Suna rage zugi ƙwarai, kuma idan aka haɗa ɗaya daga cikinsu da farasitamol, sau da yawa ba a buƙatar magani mai ƙarfi. Sai dai furostagilandin ɗin nan shi ne kuma ke kare bangon tumbi, yake kiyaye gudun jini zuwa ƙoda. A garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, majiyyacin da ya yi asarar jini, ba ya shan ruwa sosai, sannan yana haɗiyar dikulofenak safe da yamma, yana jefa ƙodarsa cikin haɗari na gaske. Don haka a sha su bayan an ci abinci, a sha ruwa isasshe, kada a haɗa biyu daga wannan gida lokaci guda, kuma a tsaya a kan kwanakin da aka rubuta. Akwai ayyukan da likitoci kan guje musu baki ɗaya, kamar inda aka yanke hanji aka haɗa, ko inda ake tsoron zubar jini. Idan ba a ga sunansu a takardar magani ba, ba mantuwa ba ce da mai jinya zai cike da kansa.

Wani binciken da masana na jami'ar McGill ta Kanada suka wallafa a 2022 ya ƙara jawo hankali a nan. Sun lura cewa a cikin masu ciwon baya, waɗanda nitrofil ɗinsu suka yi aiki da ƙarfi tun farko sun fi rabuwa da ciwon, kuma a gwajin da suka yi kan ɓeraye, danne kumburi da magani ya kawo sauƙi na ɗan lokaci amma ya tsawaita raɗaɗin. Binciken ba a kan waɗanda aka yi wa tiyata aka yi shi ba, kuma bai isa ya sa kowa ya ajiye maganin da likita ya rubuta ba. A ganina darasinsa ga mai jinya guda ne, wato kada kwana biyar da aka rubuta su zama wata guda don kawai ƙwayar tana da arha a bakin kasuwa.

Idan an rubuta taramol ko wani mai ƙarfi, a saye shi a farmasi, a ajiye shi a hannun mutum ɗaya mai hankali, a kuma fara janye shi kafin sauran. Wanda ƴan talla ke yawo da shi sau da yawa ƙarfinsa ya ninka na asibiti, yana iya kawo farfaɗiya da danne numfashi. Waɗannan magunguna suna kuma ɗaure ciki, yunƙurin bayan gida kuwa yana takura ɗinkin ciki.

Yadda ake gane kumburin warkewa da na ruɓa

A nan ne idon mai jinya ya fi kowane magani amfani. Abin dubawa ba yadda wurin yake a yau kaɗai ba ne, a'a, ina ya dosa idan aka kwatanta da jiya. Kumburin warkewa yana tsayawa kusa da layin ɗinki, jansa siriri ne, ɗuminsa kaɗan ne, ruwan da ke fita ba shi da yawa kuma garau yake ko ja-ja, sannan daga kwana na uku ko na huɗu komai yana ja da baya. A fata mai duhu ja ba ya fitowa fili, saboda haka a fi dogara da ɗumi, da tauri, da sheƙin fata, da kuma abin da majiyyaci ke faɗa. Ana iya ɗaukar hoton wurin da waya duk lokacin da ma'aikacin jinya ya buɗe ɗaurin, a wuri mai haske, domin ido yana mantuwa.

Shigar ƙwayoyin cuta ba ta cika bayyana a rana ta farko ba. Ta fi fitowa daga kwana na huɗu zuwa mako guda, kuma tana iya zuwa har cikin kwana 30. Babbar alamarta ita ce zafin da ya fara sauƙi sannan ya dawo, yana zugi, yana hana barci. Sai kumburin da ke faɗaɗa, da mugunya, wadda ba komai ba ce illa tarin nitrofil da suka mutu a fagen daga, da wari, da ɗinkin da ya fara buɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2016 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suna kamuwa da irin wannan, don haka ba abin kunya ba ne kuma ba abin ɓoyewa ba ne.

Zazzaɓi yana buƙatar lura ta musamman. Ɗan ɗumin jiki a kwana biyu na farko yawanci sitokin ne ke kawo shi, kuma yana wucewa da kansa. Amma wanda ya kai digiri 38.5, ko ya zo da rawar sanyi, ko ya taso bayan kwana na uku, sai an je an duba. A damina da farkon kaka zuciya takan tafi ga cizon sauro, kuma daidai ne a yi gwajin, sai dai ko gwajin ya nuna akwai shi, wannan bai wanke raunin ba, dole a buɗe a gani. A tuna kuma farasitamol da ibufurofen suna rufe zazzaɓi, saboda haka a auna zafin jiki kafin a ba da su. Abubuwan da ba a kwana da su a gida sun haɗa da kumburin ciki tare da amai da rashin fitar iska, da jinin da ke jiƙa ɗauri, da ƙarancin fitsari, da ruɗewar hankali, da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi.

Kada a fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan ɗinki, kada a shafa man shanu ko toka ko garin itace, kada a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wurin da ya kumbura. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya rage kumburin warkewa, kuma shan sa ba bisa umarni ba yana iya ɓoye ƙurjin da fidda mugunyarsa kawai zai warkar. Mai jego da aka yi wa aiki ta jinkirta wankan tafasasshen ruwa da ganye, domin fatar da ke kewaye da yankan takan mutu da ji na ɗan lokaci, tana iya ƙonewa ba ta sani ba. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa idan likita ya ba da izinin wanka, sannan a tsane wurin da ƙyalle mai tsabta.

Abinci, motsi da barci

Ɓargo yana ƙera fararen ƙwayoyin jini ba dare ba rana, sabuwar tsoka kuma da abinci mai gina jiki ake saƙa ta. Maganar da ake yi cewa ƙwai ko nono ko kifi suna sa rauni ya yi ruwa ba ta da tushe, hana su ne ma ke jinkirta warkewa. A ba da wake, ƙwai, nama, nono da aka tafasa, gyaɗa da zogale, a ƙara da lemo ko gwaiba ko garin ƴaƴan kuka saboda bitamin C, wanda sai da shi zaren tsoka ke ƙarfi. Kunu da fura kaɗai ba za su wadatar ba.

A tayar da majiyyaci ya taka tun ranar da likita ya yarda, ko da daga ɗaki zuwa tsakar gida ne, sau da yawa a yini. Tafiya tana motsa hanji, tana hana jini daskarewa a ƙafa, tana buɗe huhu. Idan zai yi tari ya danna matashi a kan cikinsa. Salla a zaune ta halatta gare shi har ruku'u da sujada su daina ja masa ɗinki, haka ma ajiye azumi. Amma ɗaukar jarka, daka, jan guga da hawan kabu-kabu a hanya mai gargada sai su jira, domin ko fata ta rufe a ido, bayan mako uku ƙarfin wurin bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na yadda yake a da ba, kuma ko bayan watanni tabo ba ya haura wajen kashi 80. Ƴan dubiya alheri ne, sai dai a ƙayyade musu lokaci, kada kowa ya ɗaga ɗauri don ya gani, a bar majiyyaci ya yi barci, tunda rashin barci yana ƙara sinadaran kumburi a jini kuma yana sa zafi ya fi tsanani washegari.

Idan raɗaɗi ya ƙi tafiya

Ƙaiƙayi da tauri a ƙarƙashin tabo na iya ɗaukar makonni, kuma ba abin damuwa ba ne. Amma raɗaɗin da ya wuce wata uku bayan aiki likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne mai zaman kansa, kuma yana samun kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda aka yi wa aikin ƙaba. Sau da yawa yakan zo da ƙuna, ko suka kamar ta allura, ko fisga kamar ta lantarki, ko ƙin taɓawar tufafi, alamun da ke nuna jijiya ce ta taɓu. Irin wannan ba ya jin dikulofenak, kuma ƙara taramol ba ya haifar da komai sai sabo. Akwai magungunan da aka tanada don ciwon jijiya, waɗanda ake farawa da kaɗan ana ƙarawa a hankali, kuma likita ne kawai ke rubuta su. Idan za a koma asibiti a tafi da takardar sallama da kwalayen duk abin da aka sha, a kuma shirya bayani a kan inda zafin yake, da irin yanayinsa, da abin da ke tayar da shi, da ko yana hana barci ko aiki.